Gidan kallon nan na Yelwa mai bangon gwanaye: wata takwas ina zuwa, ga abin da na gani

Salam jama'a. Tun ranar da na ɗora hoton bangon nan a WhatsApp mutane suka dame ni da tambaya, wai ina ne wurin, nawa ake shiga, akwai fanka kuwa, da gaske ne sai an kaɗa ƙuri'a kafin a liƙa hoton ɗan ƙwallo, to yau dai bari in zauna in rubuta komai kowa ya huta. Sunan wurin kam ba zan faɗa ba, don akwai inda zan soka kuma mai gidan mutumin kirki ne, bana so gobe in shiga ya ce na kai shi intanet na tsire. Rumfar kwano ce dai mai koren fenti a wani lungu ta ɓangaren Yelwa nan Bauchi, wanda ya sani ya sani.

Kuɗin shiga naira 200 ne wasan Firimiya na yau da kullum, daren Zakarun Turai ko in Madrid da Barca za su haɗu ya koma 300, in kana son kujerar roba maimakon benci ka ƙara 100. Ni dai ina ƙarawa, don bencin nan katako ne zalla kuma akwai wani na layi na uku da kan ƙusa ya leƙo, ya taɓa yaga min wandon yadi sabo dal da na ɗinka na ƙaramar sallah, har yau in na shiga sai na harare shi. Talabijin uku ne, babban na tsakiya gaskiya hotonsa tar yake, ko daga can baya kana karanta lambar riga, na hagu ma ba laifi, na dama ne launinsa ya fara komawa ruwan ɗorawa, in Chelsea na wasa a kansa sai ka rantse koriyar riga suka saka. Fankoki shida ne a sama, huɗu ke juyawa, biyun tun zuwana na farko ake cewa mai gyara na hanya. A damina da lokacin sanyi ba matsala, amma Maris da Afrilu wlh in aka cika ɗakin sai ka fito kamar an tsamo ka daga rijiya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sauyin wuta. In aka ɗauke wuta yaron gidan zai ruga ya ja janareta, wannan baya ɗaukar lokaci, matsalar dikoda ce, sai ta yi kusan minti biyu tana lalube kafin hoto ya dawo, ku kuna zaune cikin duhu kowa ya haska waya, sai kawai ku ji ihu ya tashi daga wani gidan kallon can bayan layi, kun san an zura amma ba ku san a ragar wa ba. Sau uku wannan ya faru da ni a wasan Arsenal. Na ce wa mai gidan Oga don Allah ka sayi ɗan batirin nan da ake haɗa wa dikoda ko na hannu ne, ya ce in sha Allahu ƙarshen wata, yau wata biyar kenan. Sai kuma bayan gida, wannan kam kar ma a yi maganarsa, ka yi uzurinka tun daga gida. Wurin ajiye mashin kuma a matse yake, in ka zo da wuri aka toshe ka to sai an tashi.

Amma akwai inda suka burge ni sosai. Ana kiran sallah za a kashe sauti ko da fenariti za a buga, akwai tabarmi da butoci a gefe da ruwa a randa, kuma ba a shan sigari a ciki, duk wanda ya kunna yaron gidan zai nuna masa ƙofa ko waye. Mai shayin bakin ƙofa hannunsa na da kyau, haɗin kauri yake yi ba ruwan bunu ba, Indomie da ƙwai biyu kafin a dawo hutun rabin lokaci ya sauke maka, ranar Asabar kuma akwai wata baiwar Allah da ke kawo masa da miya a kula, masar nan tamu ta Bauchi mai laushi da ɗan tsami-tsami, in ba ka zo kafin wasan farko ba sai dai ka ji labari.

To duk wannan kusan kowane gidan kallo za ka samu irinsa. Abin da ya sa nake tsallake gidaje biyu da suka fi kusa da ni in zo nan shi ne bangon.

Asalin abin rigima ce. Wani dare 'yan Arsenal suka liƙa hoton Henry a bangon dama, washegari 'yan Chelsea suka ɓalle shi suka maye da Drogba, jibi aka wayi gari an zana wa Drogba gashin baki da biro, abu kamar wasa har aka kai ga cin kwala, mai gidan ya fusata ya ce daga yau ko hoton kakan mutum ne ba za a sake liƙawa ba. A nan ne Baba Malam ya sa baki. Baba Malam tsohon malamin kwaleji ne da ya yi ritaya, ya yi karatu a Amurka a shekarun 1980, yana da kujerarsa ta musamman kusa da ƙofa inda iska ke shigowa kuma ba a karɓar kuɗinsa, ba ya goyon kowane kulob, shi dai ya zo ya ga wasa ya gyara wa mutane lissafi. Ya ce ku yaran nan, su waɗanda suka ƙirƙiro wannan abin ai ba da ihu suke yi ba, ƙa'ida suka sa.

Sai ya ba mu labarin besbol, wasan nan na Amurkawa da mutum ɗaya ke jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri wani ya make ta da kulki ya zura da gudu. Ni kafin ranar ban san komai a kai ba sai abin da nake gani a fim. Ya ce suna da wani gida a wani ƙaramin gari Cooperstown a jihar New York, nan ake kafa allon tagulla mai fuskar duk ɗan wasan da aka yarda gwani ne na gaske, tun 1936 aka zaɓi mutum biyar na farko, cikinsu da Babe Ruth da Ty Cobb, aka buɗe ginin a 1939. 'Yan jaridar da suka daɗe suna rubutu kan wasan su ne masu ƙuri'a. Sai ka buga aƙalla kaka 10, ka yi shekara 5 da ajiye wasa, sannan sunanka ya hau takarda, kowane mai zaɓe ba zai wuce suna 10 ba, kuma sai ka samu kashi 75 cikin 100 za ka shiga. In ka kasa samun ko kashi 5 an goge ka kenan, in kuma ka yi shekara 10 kana kan takarda ba ka haye ba, 'yan jarida sun gama da kai sai dai wani kwamiti ya waiwaye ka daga baya.

Mai gidan da jin haka ya ce wannan ai ita ce mafita. Aka yanka abin daidai wuyanmu: duk wanda sunansa ke littafin masu zuwa kullum yana da ƙuri'a, mu 40 ne cif, kenan sai mutum ya samu 30. Suna biyar kacal za ka rubuta, ɗan wasan ya zama ya yi ritaya, zagaye uku in bai haye ba an rufe babinsa. Asabar ɗin ƙarshen wata bayan isha ake yi, ana yaga takardar littafin makaranta a raba, ka rubuta ka naɗe ka jefa a wani babban gwangwanin madara da mai shayi ya bayar, Baba Malam ya sa tabarau ya ƙirga a gaban kowa da tocilan waya. Wanda ya haye mai gidan ke biyan kuɗin wanko hoton da firam daga aljihunsa, wannan kam a yaba masa.

Zagayen farko Rashidi Yekini ya cinye 40 cikin 40, har yaran da ba a haifa ba a 1994 sun rubuta shi, don babu wanda bai ga hoton nan da ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya ba, ƙwallon Najeriya ta farko a gasar cin kofin duniya, ga ƙwallo 37 da ya ci wa ƙasa, ga yadda ya ƙare rayuwarsa a Ibadan a 2012 ba wani gata, Allah ya jiƙansa. Baba Malam ya cire tabarau ya ce kun san a besbol tun 1936 mutum ɗaya tak ya taɓa samun kowace ƙuri'a? Mariano Rivera, ɗan Panama, a 2019. Babe Ruth ɗin ma da ake ji da shi sai da wasu suka ƙi rubuta shi.

Sai ga na Kanu ya fito 39.

Kai jama'a ranar an yi hayaniya. Mutumin da ya farke wa Najeriya a minti na 90 a wasan Barazil a gasar Olympics ta Atlanta 1996 bayan ana cinmu 3 da 1, ya dawo ya zura ta zinare aka tashi 4 da 3, aka yi masa aikin zuciya a shekarar ya dawo fili, ya ci Chelsea uku shi kaɗai a cikin gidansu a 1999 bayan suna gaba da biyu, ta ukun nan daga kan layin kwana ya yanke gola ya murza ta, ya ɗauki Firimiya biyu da Arsenal har da kakar 2004 da ba a doke su ba, ya ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ba su kofin FA a 2008, gwarzon Afirka sau biyu, wai a cikinmu akwai wanda ya kalli takarda ya ce a'a. Kowa ya juya yana kallon 'yan Chelsea, su kuma suna rantse-rantse. Baba Malam dariya kawai yake har da tari, ya ce haka aka yi wa Derek Jeter a 2020, ƙuri'a ɗaya ta hana shi cikawa, haka aka sake yi wa Ichiro ɗan Japan a 2025, kuma su ma can mai ƙin bai fito ya ce ni ne ba. Mu dai har yau muna zargin wani tela mai zama a layin gaba, don tun ranar in aka ambaci 1999 sai ya tashi wai zai sayo ruwa.

Musun da ya fi zafi, wanda ya sa na ce lallai sai na yi rubutun nan, na Ryan Giggs ne. 'Yan Man U suka kawo sunansa da lissafinsu a hannu: kofin Firimiya 13, wasa 632, ya bayar an ci sau 162, kulob ɗaya tun yana yaro har ya yi furfura. A lissafi kam babu abin cewa. Sai wani ustazu mai shagon magani, shi ma ɗan Man U ne fa, ya miƙe ya ce shi ba zai rubuta shi ba, bangon nan yaranmu na kallo, mutumin da aka kai kotu kan zargin dukan mace ba zai hau ba. Wani ɗalibi ya ce Malam ai kotun ba ta same shi da laifi ba, a 2022 masu yanke hukunci sun kasa cimma matsaya, a 2023 masu gabatar da ƙara suka janye. Ustazu ya ce to me ya sa su kansu Turawan da suka buɗe nasu zauren gwanayen Firimiya a 2021 suka fara da Shearer da Henry, suka sa Keane da Beckham da Scholes abokan wasansa, shi suka tsallake shi? Ɗalibin ya ce to ai sun sa Cantona, wanda ya yi tsalle ya tokari ɗan kallo da ƙafa a 1995 duniya na gani aka dakatar da shi wata takwas, sun sa John Terry da hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar wasa huɗu kan kalaman wariyar launin fata, wane ma'auni ne wannan?

Aka juya ga Baba Malam, don in abu ya cije shi ake kallo. Ya ce 'ya'yana wannan musun da kuke yi Amurkawa sun fi shekara 30 suna yinsa ba su gama ba. A ƙa'idar zaɓensu an rubuta ƙarara cewa a duba hali da mutunci ba iya wasa kawai ba, kuma wannan layin shi ya hana manyan gwanayensu shiga. Ya kawo Barry Bonds, wanda ya fi kowa make ƙwallo ta fice daga fili gaba ɗaya, sau 762, a kakar 2001 kaɗai ya yi 73, gwarzon shekara sau 7, amma zargin shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi ya bi shi, ya yi shekara 10 a takarda ya ƙare da kashi 66 a 2022. Roger Clemens mai jifa, shi ma kyautar gwanin masu jifa sau 7, zargi iri ɗaya, shekara ɗaya suka faɗi tare. Masu kare Bonds suna cewa ai tun kafin lokacin da ake zargin ya riga ya zama gwarzo sau uku, a 1990 da 1992 da 1993, ko a nan ya tsaya ya cancanta. Masu ƙi suna cewa wanda ya riga ya ƙoshi ya sake sa hannu a kwanon wani ai laifinsa ya fi na mayunwaci.

Sannan ya kawo Pete Rose, a nan ne ɗakin ya yi tsit. Mutumin ya fi kowa yawan bugun da ya kai shi tudun tsira a tarihin wasan, 4,256, amma a 1989 aka kore shi har abada saboda caca, yana kocin Cincinnati yana zuba kuɗi a kan wasannin besbol har da na ƙungiyarsa. Ya yi ta musantawa kusan shekara 15 sai a 2004 ya amsa. Ya roƙa ya roƙa a yafe masa aka ƙi, ya mutu a Satumban 2024 yana da shekara 83, sai a watan Mayun 2025 shugaban wasan ya ce hukuncin ya ƙare da mutuwar mutum, yanzu a iya duba sunansa. Wani yaro daga baya ya ce kai wannan ai rashin imani ne, sai da ya mutu? Wani kuma ya ce Allah ya ƙara, ɗan caca ai ba abin girmamawa ba ne, kuma wlh mai faɗin haka takardar cacar ƙwallo ce a naɗe a aljihun rigarsa tana leƙowa, wasa goma sha biyu ya jera tun safe yake zagin Tottenham sun yaga masa. Mai shayi ya leƙo ta taga ya ce laifi tudu ne, aka kwashe da dariya har shi.

Ni ra'ayina, kuma na faɗa a wurin, laifin Rose da na Giggs ba jirgi ɗaya ba ne. Wanda ya yi caca kan wasan da shi ke tsara 'yan wasa, ko ya sha abin da zai ba shi ƙarfin da abokin karawarsa bai da shi, wasan kansa ya cuta, lissafin da muke taƙama da shi ya zama akwai tambaya a kai. Abin da mutum ya yi a gidansa kuwa, mummuna ne in ya tabbata, amma bai ƙara masa ƙwallo ko ɗaya ba. Ustazu ya ce ɗan'uwa to kenan bangon na ƙafa ne kawai ba na mutum ba? Gaskiya ban samu amsar da ta gamsar da ni kaina ba, na dai rubuta Giggs a zagayen farko, a na biyu hannuna ya ƙi. Ya samu 24, ya samu 26, saura masa zagaye ɗaya.

Yanzu bari in zo kan nawa ƙorafin, wanda shi ne ainihin abin da ke cina. Yakubu Aiyegbeni. Ƙwallo 95 a Firimiya, babu ɗan Najeriyar da ya kai shi, kuma ba a Arsenal ko Chelsea ya ci su ba inda ake ɗora maka a faranti, a Portsmouth da Middlesbrough da Everton da Blackburn ya ci su, ya taɓa zura huɗu a wasa ɗaya har sau biyu. Drogba da muka liƙa tun zagaye na biyu 104 gare shi, tazarar tara ce kacal. Amma da ka ce Yakubu sai ɗakin gaba ɗaya ya ce Koriya! Shikenan. Ƙwallo ɗaya da ya zubar a wasanmu da Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya a Durban a 2010, raga a buɗe taku uku, ita ta shafe 95. Na ce jama'a mintuna kaɗan bayan nan fa shi ya ɗauki fenariti ya ci aka yi 2 da 2, wa ke da wannan zuciyar bayan irin wancan abin kunya? Kuma Martins ma ya zubar da tasa a wasan shi da gola, me ya sa ba a kiran sunansa? Wani ya ce ai Martins bai yi murmushi yana taunar cingam ba. To ka ji fa, cingam ne laifin.

Zagayen farko ya samu 21. Na yi wata guda ina kamfe, na sayi shayi ya fi kofi goma, na bi mutane har wurin sana'arsu, zagaye na biyu ya tashi 29. Ɗaya tak. Kuma abin haushin, akwai mutum biyu nawa da suka zo a makare saboda ruwan sama ya tsare su a Wunti, suna shigowa ana buɗe gwangwani, na ce a bari su jefa, mai gidan ya ce an rufe. Na ce Oga minti biyu fa, dikodarka ma muna yi mata haƙurin minti biyu kullum. Ya ce doka doka ce. Baba Malam ya goya masa baya wai a can ma in takardarka ta wuce ranar ƙarshe ba a ƙirgawa. Ranar ko sallama ban yi ba na tafi, na yi sati biyu ina kallo a wani gidan, amma can ana hure wasa kowa ke watsewa kamar an kora su, na ga ba zan iya ba na dawo da ƙafata.

Okocha ya haye da 34 ba wahala, duk da Baba ya tsokane su cewa bai taɓa zama gwarzon Afirka na hukumar CAF ba kuma Bolton ba ta ɗauki kofi da shi ba, aka ce Baba wanda ya wulaƙanta golan Jamus Oliver Kahn a 1993 ya yi ta kwantar da shi yana tashi, ko bai ci komai ba ya ci wannan. Mikel ne abin dariya, ɗan Jos maƙwabcinmu, Zakarun Turai 2012, kofin Afirka 2013, Firimiya biyu, shekara goma da ɗoriya a Chelsea, amma ƙwallonsa a Firimiya ɗaya ce tal, 'yan adawa suka ce a liƙa hoton amma ɗan ƙarami irin na fasfo daidai yawan ƙwallayensa. Ya shiga da 30 cif, kuma na san 'yan Chelsea sun yi cinikin ƙuri'a da 'yan City a kan Yaya Toure, ka ba ni in ba ka, wannan ma wani aibin tsarin ne da mai gidan ya kamata ya duba, don in aka ci gaba a haka bangon zai koma na kulob mai yawan magoya baya.

Akwai abu ɗaya da wani dattijo direban tanka ya faɗa wanda ya tsaya min. Ya ce duk kun cika bango da mutanen Landan, ina 'yan Wikki, kulob ɗinmu na Bauchi, da suka ɗauko mana kofin ƙalubale a 1998, mu da muka cika filin Abubakar Tafawa Balewa muna kallonsu ido da ido? Kowa ya yarda a ba su gefe guda ba ma sai an yi zaɓe ba. Matsalar hoto ce. Na Bonds da Rose da ba mu taɓa ganin wasansu ba yaron gidan ya samo su a waya cikin daƙiƙa, amma na mutanen da suka buga a nan garin an yi wata biyu ana nema, wanda aka samu ɗaya ne ya dushe ba ka gane fuskar kowa. Direban ya ce akwai wani tsohon mai hoto a cikin gari da yake jin yana da su a akwati, an bar masa aikin, firam ɗin dai na nan rataye babu komai a ciki.

In maki zan bayar, hoto da sauti 7 cikin 10, iska 5, bayan gida 2 kuma don kunya ne, shayi da masa 9, zaman bayan wasa kuwa ban san gidan da ya kama ƙafarsa ba a garin nan. In kai mai son ka kalli wasa shiru ne ka tafi gida to kar ka zo, za su sa maka ciwon kai. Mata ba sa shiga, yara 'yan ƙasa da sakandare kuma ana sallamarsu ƙarfe tara. Ka zo da canji don yaron ƙofa kullum ba shi da shi, kuma ka guji benci na uku.

Sabon zuwa ba ya zaɓe sai ya yi wata biyu sunansa na littafi, saboda haka ba kamfe nake muku ba. Amma ku 40 ɗin nan na san da yawanku za ku karanta, Asabar ɗin ƙarshen watan nan ce zagayen Yakubu na uku kuma na ƙarshe, shi da Giggs rana ɗaya. Mutanena biyu na Wunti na riga na ce musu tun la'asar zan zo in ɗauke su da kaina a Keke Napep, ko ana ruwan ƙanƙara.